Yadda ake tare wutar daji da kwashe mutane idan ta tunkaro gari a lokacin hunturu

Da zarar ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, gamba da ƙyasuwa suka bushe, iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas, to an shiga lokacin wutar daji kenan har wajen Maris ko Afrilu. Duk wanda ke zaune a ƙauyen bakin daji ya san masu tayar da ita, ba ɓoyayyu ba ne: yara masu farautar gafiya da zomo, masu ɗiban zuma da daddare da suke barin bakin wuta a gindin bishiya, mai sharar gona da ya cinna ya tafi sallah, makiyayi mai neman sabon toho, masu gawayi, sai matafiyin da ya hura ta jin ɗumi ya tashi bai kashe ba. Na daɗe ina cikin masu fita idan an yi kururuwa, kuma abin da zan rubuta nan na sabon shiga ne, matashin da yake da ƙarfi da zuciya amma bai san ta ina ake kama wuta ba. Ƙarfin nan da zuciyar su ne suke halaka mutane idan babu tsari.

Kayan aiki

Na sara da kankare ƙasa: fartanya, galma, shebur, adda, gatari, lauje, manjagara. Shebur ya fi kowanne amfani a wajena, don da shi kana kankara, kana watsa ƙasa a gindin wuta, kana kuma danne ta.

Na bugun wuta: ɗanyen reshe mai ganye da yawa, darbejiya ko kalgo ko sabara, duk wanda ke kusa kuma bai zubar da ganye ba. Buhun algarara da aka jiƙa da ruwa ya fi reshe daɗewa. Kada a kawo buhun leda irin na taki, narkewa yake ya manne a hannu. In kuna son abin da zai yi muku shekaru ku samu tsohuwar tayar mota ko bel ɗin injin niƙa, a yanka faɗin tafin hannu biyu, a kai wa maƙeri ya ɗaura a kan doguwar ƙota kamar mita ɗaya da rabi, shikenan kun samu mabugi.

Na ruwa: injin feshi na goyo, wannan mai lita 16 ko 20 da ake feshin wake da shi. A wanke shi tas da sabulu tun kafin ranar, don sauran maganin ƙwari idan ya haɗu da zafi kai zaka shaƙa, kuma wanda aka taɓa zuba wa fetur ko kalanzir a ajiye shi a gida. Sai jarkoki da bokitai da amalanke ko kura mai biyo ku da ruwa a baya.

Na jiki: riga mai dogon hannu da dogon wando na auduga, takalmi sau-ciki mai kauri, rawani ko hirami na rufe kai da hanci. Rigar ƙwallo da duk wani yadi mai santsi na roba a cire, tartsatsi ɗaya ya isa ya narkar da shi a kan fata. Silifas kuwa kada ma in gani. Babbar riga da malum-malum a bar su a gida, iska tana hura su cikin wuta.

Sai usur, tocila, waya mai caji, ashana a aljihun shugaban tawaga kaɗai, da ruwan sha daban da na kashe wuta. Mai aiki a gaban wuta yana buƙatar kusan lita ɗaya duk awa, in babu sai ka ga ƙato ya zube ba wuta ce ta taɓa shi ba.

1. Ku zauna tun kafin ciyawa ta gama bushewa

A ƙofar mai gari ko dagaci ake wannan zaman, da liman, da sarkin noma, da maharba don sun fi kowa sanin daji, da 'yan banga, da wakiliyar mata, da arɗon rugagen da ke kewaye. Wannan na ƙarshen kada a manta da shi, su ne suke fara ganin hayaƙi kuma bukkokinsu ne suke fara ci. A fitar da mutum ɗaya tak wanda idan wuta ta tashi maganarsa ce magana, da mataimakinsa in ba ya gari. A raba mutane gida uku, masu fita wuta, masu ruwa, masu kwashe jama'a. A yarda da alamar kira, lasifikar masallaci ko ganga ko bugun ƙarfe, wadda ba ta yi kama da ta komai ba. A rubuta lambobin waya: na ƙauyukan da ke maƙwabtaka, na malamin daji, na 'yan kwana-kwana, na mai a-kori-kura da mai tarakta. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a Nijar 'yan kwana-kwana 18, a Gana 192. Ku kira su, amma ku sani motar kashe gobara tana hedikwatar ƙaramar hukuma ko ma babban birnin jiha, kafin ta iso yawanci ko an yi nasara ko an yi asara.

Wannan tsarin ba sabon abu ba ne. Gana ta sha wuya a 1983, fari ya haɗu da wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci, daga baya a 1990 suka yi doka musamman a kan wutar daji kuma ƙauyuka suka kafa ƙungiyoyin 'yan sa kai.

2. Ku share hanyar tare wuta

Rabin aikin duka yana nan, kuma shi ne wanda aka fi yi wa kasala saboda yana faɗowa daidai lokacin girbi. Hanyar tare wuta fili ne dogo da ake kankarewa har sai an ga jar ƙasa, babu ciyawa babu ganye babu kara, yadda in wuta ta iso bakinsa ba ta samun abin ci. A fara da gefen arewa da gabas na gari tunda daga nan iska take zuwa, in an samu sarari a kewaye sauran.

Faɗinsa ya danganta da tsawon ciyawa. Inda gajeriya ce iya gwiwa mita 3 zuwa 5 yana taimakawa, inda gamba ce da ta fi mutum tsawo kada ya gaza mita 10. A yankin makiyaya na Nijar, wajen Abalak da Dakoro da Bermo, inda wuta take cin makiyaya mai faɗin gaske duk shekarar da ciyawa ta yi kyau, ana biyan mutanen ƙauye su share irin wannan hanya mai faɗin mita 15 zuwa 20 tsawon kilomitoci, ciyawar da aka kwashe kuma ta zama abincin dabba ko ta sayarwa. Ku ma ku yi haka, abin da kuka yanka ku ɗaure ku kai gida, kada ku jibge shi a bakin hanyar, wannan kuskuren kullum sai an yi shi, mutum ya sha wahalar shara sannan ya tara wa wuta tuwonta a gefe.

In hannu ya yi kaɗan akwai dabara. A kankare siraran layuka biyu, kowanne kamar mita ɗaya, a bar tazarar mita 10 tsakaninsu, sannan a ƙone tsakiyar kaɗan-kaɗan da sassafe lokacin da akwai raɓa ko bayan la'asar sakaliya da iska ta kwanta, mutane na tsaye da reshe a gefe biyu. A watan Nuwamba ake yin wannan tun ciyawa da sauran ɗanyenta. Wanda ya bari sai Janairu ya ce zai yi, shi zai tayar da gobarar da ake tsoro. In akwai tarakta ta bi sau biyu ko uku da garma an huta. Kuma ku yi amfani da abin da Allah Ya riga Ya shimfiɗa, titi, burtali, rafi, fako, gonar gyaɗa da aka cire, ku haɗa su da juna kawai.

Cikin gari kuma a duba rumbuna. Mita 10 kewaye da kowane rumbu da kowane ɗakin ciyawa a share shi ƙal. Harawa da karan dawa da ake jibgewa a kan bishiya ko a jingine da danni a matsar da su nesa da ɗakunan kwana, kada a tara na gari duka a wuri ɗaya. Jarkokin fetur na 'yan bumburutu su ma a san inda suke.

3. Ka iya gane ranar da ba ta da kyau

Abu uku ne, zafi, bushewar iska, da ƙarfinta. Masu aikin kashe wutar daji a ƙasashen waje suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, zafi ya haura digiri 30, damshin iska ya sauka ƙasa da kashi 30, gudun iska ya wuce kilomita 30 a awa. A ƙasar Hausa da hunturu damshin nan yakan sauka ƙasa da kashi 20 da rana, wato sharaɗi ɗaya kullum a cike yake, daga Fabrairu kuma zafi ya dawo. Ba sai kana da na'ura ba. Ka murza ciyawa a hannu, in ta kakkarye ta zama gari, leɓe na tsagewa, wankin da aka shanya ya bushe kafin a gama na biyu, ƙura na tashi manyan rassa na rangaji, to ranar a yi shela babu toyi babu sharar gona babu farauta da wuta. Daga hantsi zuwa la'asar ne mafi muni. Da daddare da asuba wuta takan yi laushi.

4. Idan an hango hayaƙi

Kada kowa ya ɗauki reshe ya ruga. A tura mutum biyu a babur su gano su bugo waya: ina take, ina ta dosa, me take ci, harshenta ya kai ina, me ke gabanta. Farin hayaƙi siriri mai miƙewa sama da sauƙi, baƙi ko ruwan ƙasa mai kauri da ya kwanta gefe ɗaya yana tafiya to iska ce ke korarta. A lokacin nan a buga wa ƙauyen da ke gaba da rugagen da ke hanya, su kuma da aka buga wa su fara nasu shirin, in kaga gemun ɗan uwanka ya kama wuta ai ka san sauran.

In wutar tana cikin dajin da ake fama da rashin tsaro, irin dazuzzukan da kowa ya sani a Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, kada a kutsa ciki. A sanar da jami'an tsaro, a jira ta a bakin gonaki inda aka share.

Kafin kowa ya ɗaga reshe shugaba ya nuna abu uku da hannu kowa ya gani. Ga mai tsaro, mutum ɗaya a kan tudu ko suri ko bishiya da usur, aikinsa kallo kawai, ba ya kashe wuta ko da ta zo gindinsa. Ga hanyar gudu, guda biyu ba ɗaya ba. Ga wurin tsira, fako ko gonar da aka share ko inda wuta ta riga ta cinye ya huce. A ƙirga mutane a san adadinsu. Yara ƙanana a kore su gida ko sun yi kuka.

5. Yadda ake bugunta

Wuta tana da kai, inda iska ke tura ta, nan ne harshe ya fi tsawo kuma ta fi gudu. Tana da gefe biyu, tana da gindi inda ta faro, nan tana ci a hankali tana ja da baya. Sabon shiga kanta yake nufa don nan ne abin tsoro yake, kuma nan ne ba a zuwa. Daga gindi ake farawa, a kafa ƙafa a wurin da ba za ta iya zagayowa ba kamar hanya ko fako, a rabu biyu a bi gefe da gefe ana matse ta har kan ya tsuke.

Tsayuwa a layi ake yi, tazarar taku uku tsakanin mutum da mutum saboda adda da ƙota. Na gaba mai injin feshi ne, yana fesa gindin harshen ba samansa ba, kaɗan-kaɗan don ya rage mata ƙarfi, lita 16 in ka sake mata hannu ba ta daɗewa. Masu reshe da buhu na biye, masu shebur da manjagara a ƙarshe suna tura duk abin da ke ci zuwa cikin baƙin wuri, wato inda wuta ta riga ta cinye. Bugun ma da yadda ake yinsa, ba ɗagawa sama ake a maka da ƙarfi ba, wannan fifita ce kake mata kuma tartsatsi zai tashi ya faɗa bayanka. Ƙasa-ƙasa ake yi, a danna a ja zuwa cikin inda ya ƙone, kamar mai shara. Ƙafarka ɗaya kullum tana cikin toka, yadda in abu ya ɓaci taku biyu ya kai ka inda babu abin ci. In babu ruwa sam, ƙasa tana yi, cikin shebur a watsa a gindinta a kwance.

Ma'aunin da zaka riƙe shi ne tsawon harshe. Iya gwiwa zuwa ƙugu ana bugu. Ya kai ƙirji, wato ya haura mita ɗaya da 'yan kai, to hannu ba ya iyawa, zafin kaɗai ba zai bari ka matsa ba, a ja da baya zuwa hanyar da aka share a jira ta a can, ko a bari sai dare.

Wuraren da ba a tsayawa: saman tudu idan wuta tana ƙasa tana hawowa, don gudunta ninkuwa yake da duk ƙarin digiri 10 na gangare, kai kuma naka raguwa yake. Cikin kwazazzabo da tsakanin duwatsu biyu inda iska ke zuƙowa. Tsakiyar doguwar gamba inda ba ka ganin na kusa da kai. A fili mai ciyawa da iska mai ƙarfi wuta tana iya yin kilomita 20 a awa ko fiye, babu mai tsere mata da ƙafa a cikin ciyawa. Sannan a kula da ƙasa, macizai da kunamu su ma gudu suke kuma ta wajenku za su fito.

Mai tsaro ya busa usur idan ya ga iska ta juya, ko guguwa ta tashi a cikin wutar, ko tartsatsi ya tsallake ya kama a bayanku. Juyawar iska ita ce babbar musiba, gefen nan mai tsawo da kuke bi kuna hira nan take zai zama kai. An busa, a tafi, babu wai bari in ƙarasa nan.

6. Tarbar wuta da wuta

Wannan kowa ya ji labarinsa kowa yana son ya gwada. Ana cinna wuta a bakin hanyar da aka share ta gefen da babbar ke zuwa, ƙaramar ta ci a hankali tana tunkarar iska, kafin babbar ta iso ta tarar an cinye mata abinci. Yana aiki, amma da sharaɗi: akwai hanya mai faɗi a bayanku, akwai isassun mutane da za su tsare ta, an tabbatar babu mutum ko garke a tsakanin wuta biyun, kuma shugaba ne kaɗai ya ba da umarni. In iska tana da ƙarfin da take ɗauke hula a bar shi. Manomi ya cinna don ya ceci gonarsa shi kaɗai ba tare da ya faɗa wa kowa ba, wannan ya rufe mutanen da ke gaba kenan, kuma ni a ganina duk garin da ya kama mai yin haka ya ci shi tara mai zafi.

7. Kwashe mutane

Nan ne ake rasa rayuka, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne, an makara. Ba a ƙauye kaɗai ba. A Fotugal a watan Yunin 2017 wuta ta kashe mutum 66 a yankin Pedrogao Grande, 47 daga ciki a kan titi ɗaya suka mutu a cikin motoci da gefensu suna ƙoƙarin gudu. A garin Paradise na jihar Kalifoniya a Amurka, Nuwamban 2018, mutum 85, hanyoyin fita suka cushe. Waɗannan ƙasashe ne masu jiragen kashe gobara fa.

Saboda haka tun a zaman nan na farko ake sa alama: idan wuta ta tsallake rafi kaza, ko ta iso kukar nan ta hanyar kasuwa, mata da yara da tsofaffi sun tashi. Alamar ta zama wurin da ko a ranar iska zai ba ku aƙalla awa ɗaya ko biyu. In ta kai nan ba a sake zaman shawara, don a lokacin kowa zai ce a ɗan jira a gani, mai gari ma yana jin nauyin ya tayar da gari a banza. A tashi a banza sau goma ba komai, dariya kawai za a yi a dawo.

Wurin taruwa ya zama fili ne fetal marar ciyawa, filin idi, filin ƙwallon makaranta, filin kasuwa in rumfunan ba na zana ba ne, fadamar da ke da ruwa, ko gari na gaba. A zaɓi biyu a ɓangarori daban, ranar a duba iska a faɗi wanda za a je. Ba a gudu a miƙe gaban wuta, gefe ake yankewa a fita daga hanyarta.

Masu kwashe jama'a su bi gida-gida da takarda, wadda aka rubuta tun tuni da sunayen waɗanda ba sa iya tafiya da kansu, tsofaffi, makafi, guragu, kurame da ba za su ji shela ba, masu jego, masu tsohon ciki, mai ciwon asma da hayaƙi kaɗai zai iya kayar da shi. Kowanne a san wane ne zai ɗauke shi kuma a kan me, babur ko amalanke ko a-kori-kura. A sa mata cikin masu shiga gidaje, kuma magidanta su faɗa wa iyalinsu tun yau cewa in an yi shela a fita ko ba na nan, akwai matar da za ta zauna jiran izini miji yana kasuwa wayarsa babu sabis. A tuna da makarantar allo da ta boko, malami ya fita da ɗalibansa a layi ya ƙirga su, iyaye kada su watsu neman 'ya'ya. A tuna da yaran da suka tafi kiwo ko itace ko ɗiban ruwa.

Abin ɗauka kaɗan ne: ruwa, magani, kuɗi, waya, katin shaida da takardun gona, bargo. Kafin a fita a kashe murhu, a rufe taga da ƙofa, a janye tabarmi da katifa daga tsakar gida. Dabbobi a kwance su daga turke tun da wuri a kora su filin da aka ware musu daban da na mutane, in lokaci ya ƙure a yanke igiya a buɗe garke kawai. Jaki da doki suna firgita, a rufe musu ido da zane a ja su. Wanda zai ba ku wahala shi ne dattijon da ya ce ba zai bar rumbunsa ba, kada yaro ya tsaya musu da shi, a turo liman ko sa'ansa ya ce Baba taso mu je, ga su wane can suna tsaron rumbun. Kuma a bar ƙarfafa kaɗan da bokitai da tsani a cikin gari matuƙar suna da wurin tsira kusa, don yawancin ɗakunan da ke ƙonewa tartsatsi ne ke sauka a kan jinka tun wutar tana nesa, bokiti ɗaya a kan lokaci yana ceton gida.

Masu babur da mota a tafi a hankali da fitila a kunne, ba a kutsawa cikin hayaƙin da ba a ganin gaba. A wurin taruwa kowane mai unguwa ya kira sunan gidajensa. In an rasa wani, manya biyu ne za su koma, ba uwarsa ba. Kuma babu mai komawa ɗauko akuya ko kwano sai shugaba ya ce an gama.

8. Idan ta rutsa da kai

Ka nemi baƙin wuri. In harshen gajere ne iya gwiwa kuma kana ganin bayansa, rufe fuska, riƙe numfashi, tsallaka cikin inda ya ƙone. In dogo ne kada ka gwada, ka nemi fako ko rami ko bayan dutse ko rafi, ka kankare ciyawar kewaye da kai, ka kwanta rub da ciki ƙafafu wajen wuta, hanci a ƙasa, ka rufe duk fatar jikinka. Zafin da take hurowa da iska mai ƙuna da ake shaƙa su ke kisa kafin harshen ya iso. Ƙyallen da ke bakinka a wannan halin busasshe ya fi, jiƙaƙƙe tururi yake zama. Wutar ciyawa ba ta daɗewa a wuri ɗaya, ka daure kada ka miƙe. In da sauran tazara kuma kana da ashana, ka cinna ciyawar gabanka iska ta tafi da ita ka shiga inda ta cinye ka kwanta. Haka wani shugaban tawaga ya tsira a Mann Gulch ta jihar Montana a 1949, mutum 13 suka mutu a wutar, yawancinsu suna gudu suna hawan tudu. In a mota kake, tsaya a wuri marar ciyawa, ɗaga gilasai, kwanta ƙasa da taga ka lulluɓa.

Wanda rigarsa ta kama a kayar da shi a mirgina a danne da bargo. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta mai sanyi ake kwarara mata minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja ko gishiri ko baƙin mai, kuma ba a fasa bororo. In ƙunar ta fi tafin hannunsa, ko a fuska take, ko muryarsa ta dishe gashin hancinsa ya babbake, asibiti kai tsaye ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau.

9. Bayan harshe ya mutu

Kowa ya gaji yana son gida, nan ne take yaudara. A bi bakin inda ta tsaya gaba ɗaya, aƙalla mita 20 zuwa ciki, ana neman kututture mai ci, kogon bishiya, busasshen kashin shanu wanda yake riƙe wuta har kwana, da tarin ƙaiƙayi. A farfasa, a jiƙa, a cakuɗa da ƙasa. Binnewa kawai ba ta kashe garwashi. A kara bayan hannu kusa da toka a ji ko da zafi. Bishiyar da gindinta ya ci a yi nesa da ita, faɗuwa take ba sallama. A bar masu gadi su kwana, washegari da hantsi idan iska ta taso a sake zagayawa.

Maganar wa ya tayar da ita a bar wa mai gari da hukuma. A Aljeriya lokacin gobarar yankin Kabiliya a watan Agustan 2021, taron jama'a sun kashe wani matashi bisa zargin shi ya cinna, alhali taimakon kashe wutar ya je yi. A wajenmu irin wannan zargin a kan makiyayi ko baƙo yake fara sauka, kuma rigimar da zai haifar ta fi gonar da ta ƙone tsada. A rubuta asarar kowa, rumbu nawa, dabba nawa, a kai wa ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta jiha, a yi wa waɗanda abincinsu ya ƙone karo-karo na damin hatsi, sannan a wanke injinan feshi a mayar da kayan aiki ɗakin da aka ware musu, mabuɗin a hannun mutum biyu.